Keken Riyal Ɗari Huɗu

Shekara uku na yi ina aiki a shagon wata ƙungiyar agaji a unguwar Al-Badi'a, a ƙasar Larabawa. Leburan lodi aka rubuta a iƙamata, wato katin izinin zama, amma aikin ya wuce lodi. Da safe ni da direba mukan zaga akwatunan ƙarfen da ake ajiyewa a gefen masallatai mu kwashe abin da mutane suka zuba, wani lokacin kuma a kira mu gida mu ɗebo kaya. Bayan azahar sai in zauna a ɗakin baya in ware: na sayarwa gefe, na wanki gefe, tsumma gefe. Daga ƙarshe in liƙa wa kowanne 'yar takardar farashi.

Farkon zuwana wani dattijon Balarabe ne mudir, wato manajan shagon. Shi da ido yake yanka kuɗi. Riga riyal biyar, bargo goma, takalmi ko wane iri ne bai wuce sha biyar ba. Ran Juma'a da yamma shagon kan cika da irinmu: masu wankin mota, leburorin gini, direbobin gida, kowa yana neman abin da zai fuskanci sanyi da shi ko tsarabar da zai aika gida. Da dattijon ya ajiye aiki sai aka kawo wani matashi. Ba mugu ba ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, kuma yakan saya mana abincin rana daga aljihunsa. Sai dai shi da waya yake yanka kuɗi. Duk abin da ya shigo sai ya duba sunan kamfanin da ke jiki, ya nemo nawa ake sayar da sabonsa, sannan ya rage kaɗan. Hujjarsa ita ce 'yan gwanjo suna zuwa su kwashe kayanmu a banza su kai kasuwa su ninka kuɗin, alhali abin da shagon ya samu na marayu ne da zawarawa. Gaskiya ya faɗa, na sha ganin hakan da idona. Amma kafin a yi wata shida masu wankin mota sun daina zuwa. Wa zai sayi tsohon bargo riyal arba'in bayan ga sabo a leda na hamsin a kasuwa?

A wannan zamanin ne keken ya shigo. Wata rana aka kira mu wani babban gida inda uwar masu gidan ta rasu. Suka fito mana da gadonta, da tufafinta a jakunkuna, da keken marasa lafiya da ake tura ta a kai. Mai naɗewa ne, baƙi, kujerarsa ta ɗan lotsa, birkin hagu ba ya kamawa sosai. Ni na ɗauko shi da hannuna. Ɗanta ya biyo ni har bakin mota ya ce in an samu mai buƙata a ba shi, ladan ya kai wa mahaifiyarsu. Da muka iso shago mudir ya duba wayarsa, ya ce in rubuta ɗari huɗu. Na gaya masa abin da ɗan marigayiyar ya ce. Ya amsa cewa kowa haka yake faɗa, kuma ladan zai kai mata ta hanyar marayun da za su ci kuɗin. Na rubuta na liƙa.

Bayan kamar sati biyu wani tsoho ya shigo. Daga hularsa da tsagen fuskarsa na gane namu ne, na gaishe shi da Hausa. Mutumin Damagaram ne, ya fi shekara ashirin yana shara da gadi a wani ginin haya a unguwar Al-Murabba. Kafil ɗinsa, ubangidan da ya tsaya masa a takardun zama, ya sayar da ginin, sabon mai shi kuma bai son tsoho, don haka an buga masa bizar fita ta har abada. Saura kwana goma sha biyu ya tafi. Matarsa tana gida, ɓarin jikinta ya shanye tun bara. 'Yarsu ce ke goya ta zuwa bayan gida, 'yar kuma ga tsohon ciki. Wani ɗan garinsu ne ya ce masa ya ga keke a shagonmu.

Ya durƙusa gaban keken ya daɗe yana dubawa. Ya murza tayoyin, ya naɗe shi ya buɗe, ya gwada birkin. Ba ya karatun boko amma ya san lambobi. Da idonsa ya kai kan takardar sai ya janye hannunsa.

"Ɗana, wannan kuɗin sabo ne ko na wannan?"

Na ce na wannan ne, Baba.

Ya ce ya je kantin kayan asibiti, an ce masa sabo ɗari huɗu da hamsin, mai birki biyu lafiyayyu. Shi kuwa abin da ya rage masa bayan ya ware kuɗin mota daga Yamai zuwa gida da na maganinta na wata biyu, ɗari da hamsin ne. Ya fito da su daga aljihun gaba, a naɗe cikin leda, ya nuna mini, don kada in zaci wayon ciniki yake yi.

Na shiga wurin mudir na yi masa bayani da guntun Larabcina. Ya saurare ni har ƙarshe. Ya ce akwai hanyar ba da irin waɗannan kaya kyauta, amma ta ofishin ƙungiya ake bi: a cika takarda, a kawo rahoton likita, mara lafiyar kuma ta zama tana zaune a ƙasar. Abin da ke hannunsa shi ne ragi, ya sauko zuwa ɗari uku, ƙasa da haka sai an tuhume shi. Na ce birkin ya lalace. Ya ce ai shi ya sa ya rage.

Tsakiyar wata ne. Riyal sittin gare ni a duniya. A ɗakinmu mu shida ne, huɗu leburorin gini ne da ba a biya su ba wata biyu. Na yi musu maganar muna cin abinci, kowa ya ce Allah ya kawo mafita, ɗayansu ya miƙo mini ashirin. Ban ga laifinsu ba.

Tsohon ya dawo sau biyu bayan haka, kuma kowane zuwa sai ya biya kuɗin mota daga Al-Murabba. Zuwansa na biyu mudir ba ya nan. Ni kaɗai ne a shagon da mai karɓar kuɗi, wani ɗan Bangaladash da ba ruwansa da komai sai lambar da ya gani a takarda. Ga alƙalami a aljihuna, ga takardun farashi a ɗakin baya. Cire wata a liƙa wata ba ya ɗaukar minti ɗaya. Na tsaya a bakin ƙofar ɗakin ina kallon kyamarar da ke saman kanta. Na tuna iƙamata da saura wata huɗu a sabunta ta, da 'ya'yana uku a Katsina. Na koma ciki na ci gaba da ware takalma.

Zuwansa na ƙarshe bai ko kalli wajen keken ba. Ya zaɓi wata kujerar roba mai rami a tsakiya, irin wadda ake zaunar da mara lafiya a kai ya yi bayan gida, riyal arba'in, da zanen gado biyu. Na so in biya masa da abin da ke hannuna, ya riƙe mini hannu ya ce in bari, ni ma baƙo ne. Da na rako shi bakin titi ya ce:

"Ban ce kun yi laifi ba. Kawai da na ji an ce shagon sadaka, na zaci irinmu ake nufi."

Na yi masa alkawarin da zarar an biya mu zan sayi keken in aika masa ta masu kargo. Ya ce Allah ya ba da iko, ya ba ni lambar wayar 'yarsa. Ran da jirginsa zai tashi ina wajen aiki, ban samu raka shi filin jirgi ba.

An biya mu kwana tara bayan tafiyarsa. Na tambayi masu kargo, kuɗin kai keken Damagaram ya kusa kuɗin sayensa. A satin nan kuma aka kira ni daga gida, an koro babbar 'yata daga makaranta saboda kuɗin zango. Na tura musu, na ce wa raina wata mai zuwa. Watan ya zo da tasa hidimar. Ba wanda ya hana ni. Kullum da safe sai na goge ƙurar keken in gyara masa tsayuwa kusa da ƙofa, mutane su taɓa shi, su duba takardar, su wuce.

A ƙa'idar shagon, duk abin da ya yi wata huɗu ba a saya ba ana haɗa shi da tarkace a sayar wa masu gwangwan a kan sikeli, don a samu wurin sabbin kaya. Haka aka yi da keken. Ni na naɗe shi na ɗora a motar, tare da karyayyun fankoki da wani tsohon injin wanki. Ban tambayi nawa ya kama ba, amma na san yadda suke sayen kilon ƙarfe. Bai kai kuɗin kujerar robar nan ba. Mudir yana tsaye yana sa hannu a takarda. Ban sani ba ko ya tuna da tsohon, ni dai ban tuna masa ba.

Da ƙaramar salla na daure na kira lambar. 'Yar ta miƙa masa wayar. Ya gane ni nan take, ya tambayi aiki, ya tambayi mutanen ɗakinmu da bai taɓa gani ba. Na tambayi mai jiki. Ya ce da sauƙi, sai dai kwanciya ta sa bayanta ya fara gyambo. 'Yar ta haihu, don haka yanzu shi da wani maƙwabci suke kama bakin tabarma su fito da ita inuwa da hantsi, in maƙwabcin yana gida. Bai ambaci alkawarina ba. Har mun yi sallama sai ya ce:

"Keken nan fa, an samu mai saye?"

Na ce an samu, Baba.

Ya ce madalla, Allah ya sa ya amfani mai shi, Allah ya ba shi lafiya. Na ce amin. Katin da na sa ya ƙare muna cikin gaisuwar ƙarshe, ban kuma sake kira ba.