Matar da Ta Yi Kuka a Kaset Ɗin Baba

Madina

Ƙarfe biyar da rabi, ana idar da Asuba, na bar ɗakinmu na unguwar Ƙurban da kaset da 'yar rakodata. A zamanin, mu ɗalibai a kaset muke ɗaukar saƙon gida, mu kai wa alhazai masu tashi daga Jidda. Shekara uku Baba bai amsa nawa ba, don na bar masa shago na taho karatu ba da yardarsa ba. Ni kuma, da taurin kan da na gada a wurinsa, gaisuwa kawai nake aikawa.

Badar

Takwas saura kwata aka duba iƙamarmu, takardar izinin zama, a shinge. Muna wucewa direbanmu Usman, Bahaushen Sudan, ya danna nasa kaset. Sai muryar mace da sarewa, tana jan kuka kamar an yi mata rasuwa.

"Malam Usman, ɗalibin Jami'a mai karatun addini fa ka ɗauko," na ce.

"Ma'alesh, yi haƙuri ya shaikh, wannan ba kiɗa ba ne, nadama ce. Waƙar ƙauyawan Romaniya ce. Can na je karatun likita, na dawo ba takardar shahada, sai kaset."

"Me take cewa?"

"Ta bar gida ba ta waiwayi tsohonta ba. Da ta dawo, ciyawa ta cinye bakin ƙofa."

Na ce yashi ne ya shigar mini ido. Usman ya dubi gilas, a rufe yake.

Mastura

Da azahar aka kawo soyayyen kifi da shinkafa, na kasa ci. Tsoro ya kama ni sosai. Na koma mota, na kunna rakoda, na goge gaisuwar, na roƙi Baba gafara. Ashe Usman bai kashe nasa kaset ba.

Jidda

Ƙarfe huɗu na damƙa saƙon ga wani alhajin unguwarmu. Washegari da la'asar na iso Ƙurban lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa Usman.

Bayan wata biyu amsa ta zo, muryar Baba ce:

"Sani, na yafe maka. Matar nan kuma da ke kuka a bayanka, in aure ka yi ba ka faɗa ba, ka ce mata ita ma na yafe. Ta yi shiru haka nan."