Kwikwiyon da Na Ɓoye a Randar Kaka

Ni dai karatuna bai wuce aji huɗu ba, shi ma sai da bulala ta taimaka. Saboda haka wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya biyo ni gindin darbejiya da maganar.

A unguwar Hausari aka haife ni. Mahaifina baduku ne, mutum mai tsabta har ta yi masa yawa. Wata rana karen unguwa ya shigo gidanmu ya ja buzun da yake salla a kai, ya yayyaga shi. Baba ya tsaya a tsakar gida, a gaban kowa, ya ce wallahi duk karen da ya sake gani a gidan nan, a buhu zai ɗaure shi ya jefa kogin Ngadda. Baba kuwa ba a taɓa jin ya rantse ya janye ba.

Ba a yi wata biyu ba na tsinci kwikwiyo a wani kango, ja, kunne ɗaya a lanƙwashe, idonsa bai daɗe da buɗewa ba. Shekarata tara, hankali bai gama isowa ba, wasu ma na cewa har yau yana hanya. Na cusa shi cikin riga, na kai shi bayan madafin kakata Ya Falmata, uwar Baba, na zura shi cikin wata tsohuwar randa da ta tsage aka kwantar da ita.

Da rana ba ya damun kowa, in na sato masa kunu ya lashe sai barci. Asuba ce masifar. Kwikwiyon nan yana riga ladan tashi, kuma daidai lokacin Baba ke fitowa da buta, ya tsuguna alwala taku goma daga randar. Asubar farko jakin maƙwabcinmu ne ya cece mu, ya ɓarke da kuka ya rufe na kwikwiyon. Asuba ta biyu jakin ya ƙi ba da haɗin kai. Ina jin "wai, wai" na farko na fita a guje, na yagi gefen zanen da na tarar a kan igiya, na ɗaure masa baki tam. Ya yi shiru. Da Baba ya tafi masallaci na kwance shi, na same shi ya yi laushi kamar tsumma, numfashi da ƙyar. In na bar shi ya yi kuka, kogi. In na sake ɗaure shi, ni zan kashe shi da hannuna.

Lokacin sanyi ne, bayan isha'i mukan kewaye murhun Kaka ni da ƙannena, ita tana tura itace da ƙafa tana ba mu tatsuniya. Daren nan Baba yana gefe a kan tabarma yana jan carbi.

"Ga ta nan tafe, ku matsa mata," in ji Kaka.

Muka ce, "Ta zo ta zauna."

Ta ce a wani tsibiri cikin tafkin Cadi an yi wani bulama, wato mai gari, wanda ya rantse duk dabbar da ta yi kuka kafin fitowar rana sai an jefa ta ruwa. A garin akwai wani yaro mai ƙaton kai da ya tsinci ɗan dila ya ɓoye. Da asuba ta yi, tsoro ya sa ya ɗaure masa baki.

"Da me ya ɗaure, Kaka?" in ji ƙanwata Bintu.

"Da gefen zane. Shuɗi. Sabo fil, sau biyu kakarsa ta ɗaura." Ta juyo ta dube ni. "Angona, lafiya kake zufa a sanyin nan?"

Na ce hayaƙi ne. Ban yarda na dubi inda Baba yake ba, kunnena dai yana kan ƙarar carbinsa.

Ta ci gaba. Wai wata tsohuwar kififfiya ta fito daga ruwa ta ce wa yaron, kai wawa, abin nan ba rashin kunya ke sa shi kuka ba. Cikinsa ne ya zama wayam, sanyi ya shige shi, ya lalubi uwarsa bai ji ta ba. Ka ba shi abinci a ƙarshen dare, ba da magariba ba. Ka binne gutsuren jan bulo a toka mai zafi, ka naɗe shi da rigarka mai datti, ka ajiye masa ya jingina. Yaron ya yi haka, ɗan dila ya yi barci har rana ta fito.

Bintu ba ta iya barin magana ta wuce. "To in bulama ya gan shi fa? Ai ya rantse."

"Bulama ai mutum ne," in ji Kaka. "Ya ciyar da mabuƙata goma, rantsuwa ta sauka daga wuyansa."

Carbin ya tsaya.

"Iya," in ji Baba, "ni ban taɓa jin wannan tatsuniyar ba."

"Yaushe ka zauna ka ji? Ta ƙare, kan ɓera ya ƙone, kowa ya nemi tabarmarsa."

Na yi duk yadda kififfiya ta ce. Asuba ta uku ina kwance ido biyu. Na ji ƙofar Baba, na ji ya dire buta, na ji zubar ruwa. Daga randa shiru. Har na fara yi wa kififfiya addu'a, sai na ji Baba ya ce, "Innalillahi!"

Na fito. Ashe ɗan banzan ya ƙoshi, ya ji ɗumi, ƙarfi ya zo masa, maimakon kuka sai ya fito yawo. Ga shi tsaye a gaban buta yana kaɗa wutsiya. Baba ya tattare bakin riga sama, ƙafa ɗaya a wanke, ɗaya ba a wanke ba. Bai tambayi na wane ne ba. Ya dube ni kawai.

"Kawo buhu."

Da hannuna na ɗauko, da hannuna na sa shi ciki. Yana lasar yatsuna ina kuka ba sauti. Baba ya kama bakin buhun zai ɗaure, sai ga Kaka ta fito daga ɗakinta da ƙatuwar ƙwarya cike da gero, ta dire a tsakaninmu.

Ta dubi Baba ta ce, "Na mutum goma ne, Bukar. Tun jiya na auna."

"Iya, na rantse da Allah a gaban iyalina."

"Na ji, ina wurin. Rantsuwa ana yi mata kaffara. In ka jefa shi ya nutse, me za ka yi masa?"

"Yara za su ce maganata ba ta da nauyi."

"Ni na haife ka, ban taɓa auna ka da kare ba."

Buhun yana motsi a hannunsa. Ladan ya sake kira. Ban san tsawon lokacin da muka yi a tsaye ba, a wurina dai ya kai shekara. Can Baba ya saki bakin buhun, ya ce kwikwiyon ba zai sake kwana a gidan nan ba, in gari ya waye in kai wa wani mai lambu a bakin kogi ya yi masa gadi. Ya sake alwala tun daga farko. Da yamma mutum goma suka ci burabusko a zaurenmu, Baba da kansa ya miƙa musu ruwan wanke hannu.

Na daɗe ina zaton ni Kaka ta yi wa tatsuniyar nan. Sai da na yi furfura na gane rabi ne nawa, rabi na ɗanta, don ta san mutum irinsa yakan so ya sauko amma ba ya son a gan shi yana neman tsani.

Ni ma na gaji bakin Baba. Shekara shida ke nan da babban ɗana ya bar makaranta ya kama tuƙin keken haya, na rantse ba zai sake kwana a gidana ba. Babu tsohuwar da ta rage ta auna mini gero. Yana haya a unguwar Bulabulin, duk Juma'a yakan zo ya gaishe ni daga zaure, ya juya. Jiya na ce wa uwarsa ta duba ko babbar tukunyarmu tana nan. Ta ce ta mutum nawa. Na ce goma, kuma kada ta kuskura ta tambaye ni dalili.