Injin da Gwaggo Ta Daina Shafa wa Mai

A cikin dangi Gwaggo ake ce mata, a layin teloli kuwa Almakashi, don bakinta bai gaza almakashin hannunta ba wajen kaifi. Tun tana budurwa take taka keken ɗinki, kuma tela ta aura. Shi yana surfani, ita tana yanka tana haɗawa, a wani dogon shago mai ƙofa ɗaya da taga ɗaya.

Ranar da mijinta ya sayo babban injin surfani, sai da aka cire ƙyauren ƙofa kafin ya shiga. Duk layin ya fito kallo. Yayan mijin, wanda kowa ke kira Yaya Babba, ya dafa injin ya ce yau gidansu ya ɗaga kai. Mijin bai jima yana morarsa ba ciwo ya kwantar da shi, ya rasu. Da aka raba gado, shagon da injin suka faɗo hannun Gwaggo da 'ya'yanta.

Ita ba ta iya injin ba. Ta ɗauko wani da ya ce ya iya, ya kakkarya mata allurai, ta sallame shi. Daga nan sai abin ya zama kamar farilla: kowace safiya, kafin ta taɓa yadi, za ta yaye zanen da ta lulluɓe injin, ta goge shi tas, ta ɗiga masa mai, ta mayar da zanen. Shekaru suna tafiya, injin yana ƙyalli, bai huda ko ƙyalle ba. Ya cinye rabin shagon. Mata biyu da ke mata aiki, ɗaya a bakin ƙofa take zama, ɗaya a waje ƙarƙashin rumfa, in ruwa ya sauko su jawo keke ciki su zauna gwiwa da gwiwa. Wata makaranta ta kawo ɗinkin kayan ɗalibai, Gwaggo ta mayar don ba inda za ta sa ƙarin keke. Aiki ya yi ta ja baya, har mai ɗinki a rumfar ta fara cewa za ta nemi wani shagon.

Ana haka ƙungiyar teloli ta kawo wata malamar harkar kasuwanci tana bin shago-shago. Ta shigo wajen Gwaggo, ta yi tambayoyinta, ta ɗaga zanen ta leƙa.

"Mama, wannan yana aiki?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"Aiki nake tambaya, ba lafiya ba."

Gwaggo ta haɗe rai. "'Yar nan, kin zo koyarwa ne ko kin zo bincike?"

Malamar ta yi murmushi ta ja kujera. "Akwai wani awo da kamfanoni ke yi, ana ce masa ribar kadara. Ki sa wa duk abin da shago ya mallaka kuɗi: kekuna, tebur, yadin da ke kan kanta, da wannan injin. Sai ki ɗauki ribar shekara ki raba ta da jimillar. Abin da ya fito shi zai gaya miki kowane ɗari da ke kwance a kayanki nawa yake haifa miki. Naki, a yadda kika gaya mini, huɗu yake haifa. Matar can da ke ɗinki a baranda da kekenta ɗaya, nata ya kai talatin."

"Wa? Mai barandar? Wadda zare ma a wurina take ara?"

"Ba cewa na yi ta fi ki kuɗi ba, Mama. Kayanta sun fi naki yi mata aiki."

"To na ji. Ƙofar da kika shigo tana nan inda kika bar ta."

Wunin ranar kowa ya sha faɗa, har mai kawo maɓallai da bai san hawa ba bai san sauka ba. Washegari Gwaggo ta zo kamar kullum, ta yaye zanen, ta ɗauko kwalbar mai. Kwalbar ta kusa ƙarewa. Ta tsaya tana tunanin da me za ta sayi wata, sai idonta ya sauka a kan tsohon keken ƙafarta, wanda fentinsa ya goge, belinsa ɗaure da zare. Shi ya sayi wannan kwalbar da duk waɗanda suka gabace ta. Shi ke biyan harajin rabin ɗakin da injin ke kwance. Ta gwada cire injin daga lissafin a zuci, ta ga huɗun nan ya miƙe ya haura sama. Ta ja tsaki, don ba ta son yarinyar ta yi gaskiya. Ta rufe kwalbar ba ta ɗiga ko ɗigo ba.

Kafin mako ya zagayo ta sa an nemo mai saye, wani mai surfani daga can ƙarshen kasuwa. Labari ya kai kunnen Yaya Babba. Bai aiko a kira ta ba, da ƙafarsa ya zo. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ta saba, ta ba shi kujera, ya ƙi zama.

"Uwar yara, me nake ji? Injin ƙanena za ki kai kasuwa?"

"Mai sayen ne zai zo, Yaya. Ba sai na kai ba."

"Ban zo wasa ba. Abin da ya rage mana na tunawa da shi ke nan. Duk wanda ya wuce layin nan ya san shagon wane ne saboda injin nan."

"Sun sani, Yaya. Su leƙo su yaba, su kai ɗinkinsu gaba."

"Dukiya ce a ajiye. Ana sayar da dukiya haka kawai?"

"Ni ma haka na ɗauka. Ashe baƙo ne nake ciyarwa, ya ƙi tafiya ya ƙi aiki. In kana son sa, ka ɗauka ka kai falonka. Zan haɗa maka da zanen da kwalbar mai. Kullum da safe ake yi."

Matan biyu suka sunkuyar da kai kamar masu neman allura. Yaya Babba ya gyara wuyan rigarsa.

"In injin nan ya fita daga shagon nan, ƙafata ta fita."

Gwaggo ba ta ɗaga ido ba, muryarta ma ba ta tashi ba. "Ƙaninka bai saye shi don a riƙa goge shi ba. Da yana raye ya ga an lulluɓe shi kamar mara lafiya, da ni da kai duk sai mun sha faɗa. Shago ya bar wa 'ya'yansa, kuma shagon nan ba zai mutu a hannuna ina riƙe da tsumma ba. Allah ya huci zuciyarka, Yaya."

Ya juya ya tafi.

Aka sake cire ƙyauren. Layin ya sake fitowa kallo. Gwaggo ta tsaya ƙyam tana ba masu ɗauka umarni, a bi a hankali da wancan gefen, kada a buga kansa a bango. Sai da motar da aka ɗora injin ta sha kwana, sannan Gwaggo ta shiga ciki, ta naɗe zanen, ta daɗe tana kallon sawun ƙafafun injin a siminti.

Da kuɗin ta sayi ƙananan kekuna, ta shigo da ta wajen ciki, ta ɗauki ƙarin mata. Ta yafa mayafi ta je makarantar da kanta ta ce yanzu akwai wuri. Mai surfanin kuwa, ranar da ya tayar da injin har layin su Gwaggo aka ji labarin, kuma duk rigar da ke son aikin wuya can Gwaggo take aikawa.

Yaya Babba ya cika maganarsa, bai ƙara taka shagon ba. In za shi wuce sai ya bi ta ɗaya gefen titi. Ita kuma ba ta fasa zuwa gaishe shi ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi kuskure ba. Ya amsa a daƙile, ta tashi ta koma aikinta.

Har yau kafin ta sayi wani abu na shago, ko da fanka ce, sai ta zagaya shi ta ce, "Kai kuma nawa za ka haifa?" Kwalbar man tana nan a kan taga. Tsohon keken ƙafa ake ɗiga wa.