Irin Hatsin Baba

Mu biyu muka rage wa Baba, ni da ƙanena, auta. Da Baba ya rasu a Kalfu ina zawarci a gida, sai rumbun iri ya dawo hannuna. Hatsin gidanmu daban yake: zangarniya doguwa, mai gashi, tsuntsu ba ya son sauka a kanta. Al'adar gidan kuwa, duk ɗan da zai kafa gona a wani wuri, ana ba shi ɗan dami na irin nan, a zangarniyarsa, ba a sussuke ba.

Auta bai san gona ba. Tun yana ƙarami aka kai shi birnin Tawa koyon ɗinki wurin wani tela Bayarabe, Kirista ɗan Baftis, can kuma ya bi addininsu. Labari ya iske ni cewa sun nutsa shi cikin tabki da rigarsa, mutane na kallo. Ban yi kuka ba. Na dai daina kiran sunansa.

Bayan samun mulkin kai da shekara biyu ko uku, ya zo sallama. Wai za shi Najeriya, makarantar da 'yan Baftis ke horar da fastoci.

"Yaya, ba irin makarantar lakwal ta gwamnati ba ce," ya ce. "An ce da aka fara ta rumfar zana ce kawai, da malami guda. Yanzu an yi gini, amma har yau kowa shi ke noma abin da zai ci. Fili ake yanka ma kowa."

"To, mi kake so?"

"Irin Baba."

"Kai da ba ka san bakin hauya da ƙotarta ba?"

Ya yi dariya. "Allurar ma ai ba da ita aka haife ni ba, Yaya."

Na ce ya dawo gobe. A raina na riga na yanke cewa hatsin da Baba ya yi wa bisimilla ba zai tsiro a gonar coci ba. Amma ban iya ce masa a'a ido da ido ba. Na je wurin wata mai awo, na karɓo tiya guda ta tsabar hatsi, irin wanda kowa ke tuwo da shi, na ƙulle a tsumma. Ya durƙusa ya karɓa da hannu biyu. Bai tambayi dalilin da aka sussuke ba. Ya manta al'adar, ko kuwa bai taɓa zaton zan yi masa haka ba.

Shekaru suka wuce. Sai damina ta fara yi mana wasa. Wata shekara muka yi shuka ta ƙone, muka sake ta ƙone. Ruwa ya sauko na uku, na kwashe ragowar irin duka na zuba a ƙasa, ko zangarniya ɗaya ban bari ba. Daga nan sama ta rufe. Haka hatsin Baba ya ƙare a hannuna.

Ban aika wa auta ba, wani direba ne ya kai masa labari. Kafin damina ta gaba sai ga shi a ƙofar gida, ya rame, da dami a kafaɗa.

"Yaya, ga hatsin Baba ya dawo gida."

Ya kwance damin, yana ba ni labari baki har kunne. Kowace kaka shi ke zaɓen kawunan, kamar yadda ya ji Baba na yi. Ɗalibai da yawa sun karɓi irin, waɗanda suka gama sun tafi da shi garuruwansu. Hatsin Adar suke kiransa, da sunan yankinmu.

Na dubi zangarniyun. Gajeru, ba gashi ko ɗaya. Ƙanen Baba, tsoho, yana zaune a gindin bango. Ya ɗauki guda ya juya ta, ya dube ni, ya mayar.

"Allah shi yi maka albarka, ɗana," ya ce da auta.

Kwana uku auta ya yi. Na raka shi har bakin hanya, da niyyar in faɗa masa gaskiya. Da motar Tawa ta tsaya, abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka kula da hanya."

An tura shi wani gari mai nisa, can ya rasu, ban faɗa masa ba. Hatsin nasa muke shukawa har yau. Tsuntsu yana cinsa sosai. Jikokina suna kiransa hatsin kaka, wai irin Baba ne, ni kuma ban taɓa gyara musu ba.