Saƙon da ya riga Yaya isowa

Inna ba ta sa komai a baki ranar da Yaya yake kan hanya. Daga gidanmu da ke garin Isa yake ɗaukar wake zuwa Sabon Birni, inda 'yan Nijar ke saye, kuma tun da hanyar ta lalace da 'yan bindiga, sai an ce ya sauka lafiya take jawo kwanonta. Shi kuwa mantau ne na bugawa a jarida. Da ya ga masu saye, shi ke nan, tsohuwa ta wuni da yunwa. Abin yana ƙona mini rai.

Ni na kawo dabara. Na saita wayarsa yadda da zarar ta shiga tashar Sabon Birni za ta turo mini saƙo da kanta: "Na iso lafiya." In karanta wa Inna, ta yi hamdala, ta ci abinci. Har kuri nake yi wa matan gida.

Wata rana da damina saƙon ya shigo bayan azahar. Na karanta mata, ta dama fura ta sha, har da ƙari. Ba ta aje ludayin ba maƙwabciyarmu ta faɗo gidan babu sallama, ta ce an tare hanya, mutane sun watse cikin gonaki.

"Ai ya iso," na ce, ina nuna waya.

"Kira shi," in ji Inna.

Muryar da ta amsa ba tasa ba ce. Direban motar da Yaya ya hau ne. Ya ce da aka fara harbi kowa ya dira ya ranta a na kare, shi kuma daga baya ya ja motar zuwa tasha. Wayar a kan kujera ya tsince ta.

"To shi fa?"

"Wallahi ban gan shi ba, Hajiya."

Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yammacin ba. Inna ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna kan tabarma tana kallon ƙwaryar nan da ta shanye.

Gab da magariba baƙuwar lamba ta kira. Yaya ne, da wayar wani manomi, murya a dishe. Cikin gero ya kwanta rub da ciki har maharan suka wuce.

Inna ta karɓi wayar da hannu biyu. "Kai na? Yi magana in ji." Ta saurara, ta saurara, sannan ta juyo gare ni da hawaye.

"Ɗana shina kwance cikin gero, ni ina shan hura. Ɗebe abin ga, ɗiyata. Gara in wuni da yunwa."

Da wayar ta dawo hannunsa na goge saitin. Har yau yakan manta ya kira, Inna kuma takan jira.