Malam Abdulbaƙi Mai Alaimen, Maƙwabcina

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Da hantsin Laraba, 14 ga Mayu, 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Abdulbaƙi Sale, mai alaimen, wato saita ƙafafun mota, a nan Dutse, bayan jinyar kwana tara. Ni ne Sadisu mai taya. Shekara goma sha shida shagona yana jikin rumfarsa.

Malam, da saɓani muka fara. Hajiya Adawiyya, ungozomar da ke zirga-zirga tsakanin Dutse da Miga, ta kawo jif ɗinta a canja mata tayoyin gaba, karo na uku cikin shekara guda. Na san ba haka kawai take dawowa ba, amma na yi shiru saboda ciniki. Na riga na fito da sababbi, sai ka tsuguna ka shafa tsohuwar da tafin hannunka. Gefen ciki ya cinye har waya ta leƙo, gefen waje kuwa kamar ba a taɓa hawa ba.

Ka ce, "Hajiya, ba laifin taya ba ne. Ƙafafun ne suka buɗe, kowace tana kallon gefenta. Ko goma kika saya, haka za su ƙare."

Ka hana a sauke akwatunan maganin da ke baya, ka ce jif mota ce mai tsayi da nauyi, da kayan da ta saba ɗauka ake saita ta. Ka ja zare, ka auna, ka ɗaure, ka yi ta zagayawa da ita har sitiyarin ya daina ja hagu. Ranar ta sayi tayoyina, amma sai da ta shekara biyu ba ta nemi wasu ba.

Saboda haushi, na yi mako ban gaishe ka ba. Kai ka tako har shagona, ka zauna a kan benci.

Ka ce, "Sadisu, baiwar Allahn nan masu naƙuda take ɗaukowa. In taya ta fashe mata a hanya, me za mu ce wa Ubangiji?"

Tun daga ranar ban sake sayar wa kowa taya ba sai na duba yadda tsohuwar ta cinye, kuma cinikina bai ragu ba.

Da injin kwamfuta na saita ƙafafun mota ya shigo gari, kana da shekara sittin, ka je Kano ka koya, ba ka ji kunyar zama ɗalibi ba. Direbobin Ringim da Kafin Hausa da suka cika sahun jana'izarka sun san wanda suka rasa. Na shaida ban taɓa ganin ka saki mota alhali kana shakkar ƙafarta ba.

Ina miƙa ta'aziyya ga mai ɗakin Malam, Malama Zaituna, da 'ya'yansa Mu'az da Huseina, da dukan 'yan'uwa. Allah Ya ba ku haƙuri. Allah Ya gafarta wa Malam, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Mu kuma da muka rage a bakin titin nan, Allah Ya sa mu cika da imani.