Wanda Ya Tsaya Gaban Lasifika

Wallahi jama'a, wannan abu da ni ya faru, shekarun da nake gyaran kayan sauti a Gwadangaji. Wani dattijo manomin shinkafa, Malam Bawa, ya kira ni Argungu, wai lasifikar falonsa muryarta na dushewa haka kawai. Babban ɗansa Sanusi ya ja ni gefe ya ce lafiyar kayan ƙalau, tun rasuwar mahaifiyarsu tsohon ya rikice, in gwajina bai nuna komai ba asibitin ƙwaƙwalwa za su kai shi.

To ƙa'idar aikinmu, sai kowa ya fita, domin jikin mutum na tare sauti. Bayan azahar ne, rana tsaka. Na kafa mitar auna ƙara, na saki sautin gwaji daga mai kauri zuwa siriri. Lasifikar hagu lafiya lau. Ta dama kuwa, ina kaiwa siririn sauti sai allurar mitar ta faɗi, daidai yadda take yi in mutum ya gitta. Na sauya waya, na musanya lasifikokin, duk ɗaya. Na matsar da mitar gefe, allura ta tashi, can kuma a hankali ta sake sauka, kamar an tako an sake tare ta.

Na kira su na nuna musu. Malam Bawa ya fashe da kuka.

"Nan uwarku taka tsayi," in ji shi. "Kunnenta ya mutu, sai ta manna shi ga akwatin taka jin tafsiri. Sanusi, ka gani ba hauka nika yi ba."

Maganar asibiti ta mutu, amma kafin a girbe shinkafa shi ma tsohon ya bi matarsa lahira. Sanusi ya kawo min lasifikar har shagona, ya ce ba ya son ganinta.

Ƙaiƙayin son sani ya sa na sake gwadawa, ni kaɗai, ƙofa a rufe. Allura ta faɗi fiye da ranar nan. Na daɗe a sana'ar nan, na san faɗuwar mutum ɗaya, na san ta mutum biyu.

Har yau ban sake kunna ta ba. In sauti ya dushe muku alhali ba kowa a gabansa, kada ku nemi mai awo. Ku yi wa mamatanku addu'a, ku kashe kayan.